An Ɗage, Na Ce An Kashe

Jikata ce ta tono mini wannan magana, ba kuwa da saninta ba. Ina kishingiɗe a tabarma bayan la'asar, a tsakar gidana da ke Gwadangaji a Birnin Kebbi, ina jin 'yan kabu-kabu suna ta danna wa juna hon a kan titi, ita kuma tana zaune a kan turmi da waya a hannu tana shirin jarrabawa. Yaran yanzu ba sa buɗe ƙamus. Sai dai ta faɗa wa wayar kalma, wata mata da ba a ganin fuskarta ta ba ta amsa ta hanci, har da misalai. Ina jin ta tana bi, give up, give in, look after, look into. Ban tanka ba, don tun da na yi ritaya daga koyarwa na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara gyara wa kowa Turanci ba sai an tambaye ni, alkawarin da nake karyawa kusan kullum. Can sai ta ɗago kai, da yake tsakanin jika da kaka ba a rasa tsokana, ta ce bari ta gwada tsohon malami ta ga ko ƙwaƙwalwar ta yi tsatsa. Ta tambaye ni ma'anar put off. Na ce mata ɗagewa, a jinkirta abu zuwa wani lokaci. Ta duba wayar, ta ce na ci, ta wuce ta gaba. A ƙiftawar ido ta gama da kalmar. Ni kuwa na fi shekara hamsin ban gama da ita ba.

A Argungu aka haife ni, a wata unguwa da ke gangaren gulbi, gidan masunta masu haɗawa da noman shinkafa. In na rufe ido ina tuna wancan zamani, ƙara ce ke fara dawo mini: taɓarya a turmi tun kafin rana ta fito, goruna suna karo da juna a kafaɗar masu gangarawa kamun kifi, da gwangwanayen da muke ɗaurawa a igiya muna ja don korar tsuntsaye daga shinkafa. Korar tsuntsun nan ita ce aikin da na fi tsana a duniya. Tun da sassafe kana tsaye a tsakiyar fadama kana ihu har murya ta dishe, sauro yana cin ƙafarka, tsuntsayen kuma sun raina ka, su tashi nan su sauka can kamar da gayya. Yanzu in na bi ta Zauro na ji injinan ban ruwa suna ruri daga wannan gefe har wancan, sai in rasa ko shirun da nake kewa ko ƙuruciyar ce kawai. Warin bandar kifi ma ya ragu a unguwarmu. Jikokin masunta da yawa sun koma kabu-kabu da cajin waya.

A gidan nan muka tashi da Yaya. Ɗan wan babana ne, mahaifinsa ya rasu yana goye, Baba ya riƙe shi, ya kuma girme ni da shekara huɗu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuwa zan fara yau a takarda ba. Lokacin da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, sunansa mai unguwa ya bayar, don shi ne babba. Baba ya je ya roƙa a musanya. Ya ce yaron ya riga ya iya tuƙa jirgi da riƙe homar kamun kifi, in aka ɗauke shi an yanke masa hannun dama, amma ga wani nan ƙarami da ba ya tsinana komai sai surutu. Mai surutun nan ni ne. Haka na shiga aji a gurbin Yaya, shi kuma ya haɗa aikinsa da nawa, har da korar tsuntsun. Ban taɓa jin ya yi gunaguni ba. In na dawo da yamma sai ya ce in rera masa abin da aka koya mana, yana gyaran raga yana dariyar yadda nake murɗa baki.

A lokacin takarda abu ce mai nauyi. Sau biyu a mako motar da ke ɗauko wasiƙu take shigowa gari, kuma in ambulan mai ruwan ƙasa ta shigo unguwa, kafin ta kai gidan mai ita kowa ya ji. Wasiƙar ajami ba ta da wuya, malamai sun cika gari. Ta gwamnati ce matsala, don da Turanci take zuwa, sai an nemo ɗan boko. Ba a kuma karanta ta a ɓoye. A ƙofar gida ake shimfiɗa tabarma, dattawa su zauna, mai karatu ya tsaya a tsakiya, abin da ya fito daga bakinsa shi ne abin da gwamnati ta ce, babu mai zuwa ya bincika. Yau in ka karanta wa mutum saƙo ka yi kuskure, kafin ka rufe baki ɗansa ya duba waya ya ƙaryata ka. Ina yawan yi wa wayoyin nan tsiya, amma Allah Ya sani, da akwai su a lokacin da ban ɗauki abin da na ɗauka ba.

Da na ci jarrabawa aka tura ni makarantar kwana a Birnin Kebbi, sai karatun wasiƙun unguwa ya dawo hannuna duk hutu. Suka sa mini suna Bature, na karɓi sunan hannu biyu. Ina aji biyu kacal, amma in ka ga yadda nake riƙe takarda ina gyara murya ina ɗage gira, sai ka rantse ni na rubuta ta. Dabarata ɗaya ce: in ɗauki kowace kalma in nemo mata Hausarta in jera su, inda ta ƙi sai in yi tari in tsallake. Look duba ne, call kira ne, give bayarwa ce. Ƙananan kalmomin da ke bin bayansu, su in da up da at, ban ɗauke su a bakin komai ba, a ganina ado ne irin na Turawa. Ban taɓa buɗe baki na ce ban sani ba. Baba yakan zauna a gefe, ba ni yake kallo ba, fuskokin mutane yake bi ɗaya bayan ɗaya, yana so ya tabbata kowa ya ga abin da musanyarsa ta haifa.

Yaya kuwa Allah Ya ba shi abin da ba a koyarwa a aji. Hannu gare shi, da kunne. Tun yana ƙarami yake raɓar mai injin niƙa na bakin kasuwa yana miƙa masa sifana, har ta kai in injin ya canza murya Yaya ke fara faɗin abin da ke damunsa. Agogon liman, keken ɗinkin maƙwabciyarmu, kekunan 'yan unguwa, duk a hannunsa suke warkewa. Wata bazara aka kawo tarakta daga ofishin aikin gona don ta yi kaftu a fadama, ta mutu a tsakiyar gona. Direban ya yi iya yinsa, ya haƙura ya koma inuwa. Yaya ya nemi izini, ya kwance wani ɗan bututu ya busa, ya tace man da ƙyalle, ya mayar, tarakta ta tashi. Jami'in da ya zo da ita, wani mutumin kudu mai ɗan jin Hausa, ya tambayi ajin da ya gama. Da aka ce masa bai taɓa shiga ba, sai ya ce ba komai, za a yi gwajin ɗaukar masu koyon kanikanci a Birnin Kebbi cikin damina, gwajin hannu ne ba na alƙalami ba, wanda ya ci za a horar da shi a ba shi aiki. Ni na rubuta masa takardar neman shiga, ya dangwala yatsa. Daga ranar Yaya ya canza. Mutumin da ba ya waƙa ya fara waƙa a jirgi. Ya sa aka ɗinka masa riga da wando irin na ma'aikata, ya ninke ya sa a adakar Inna, ya ce sai ranar gwaji. Baba ma, da ya hana shi boko, wannan karon bai hana ba. Ina jin abin ya daɗe yana cin sa.

Daminar ta zo da ruwa mai yawa. Gulbi ya cika ya haura, ya shanye shinkafar gangare, hanya ta yanke kwana da kwanaki. Ina gida hutu lokacin da mota ta samu ta shigo, da ambulan mai sunan Yaya. Aka shimfiɗa tabarma, mutane suka fi na kullum, don duk unguwa ta san zancen tarakta. Layi biyu ne a takardar, kuma har gobe zan kawo su ba tuntuɓe: The trade test has been put off because of the floods. Call in at the office after Sallah. Na fara karantawa da ƙarfi da Turanci yadda na saba, don dai a ji. Gabana ko faɗuwa bai yi ba, don put off ba baƙuwata ba ce. Kullum muna jin ta a makaranta. Shugaban ɗakin kwananmu ba shi da wata magana sai put off the light, kuma ko ɗan aji ɗaya ya san kashe fitila ake nufi. Call kuma ai kira ne.

Baba ya ce, "To, Bature, mi sunka ce?"

"Sun ce an kashe maganag gwaji, don ambaliya. Bayan Sallah, in akwai wani abu, za su kiran shi ohis."

 Yaya, wanda ba ya sa baki in dattawa suna zaune, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanena, ka duba da kyau. Kashewa sunka ce?"

"Yaya, ni da kai wa yas san Turanci?"

Wasu suka yi dariya, na ji daɗin dariyar. Wannan ma sai na faɗa. Yaya ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Dattawa suka ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, aka naɗe tabarma. Yaya kuma ya gangara ya kama kwashe ruwan da ya taru a jirgi.

Mako uku da komawarmu makaranta malamin Turancinmu ya shigo da darasin. Dattijo ne mutumin Yauri, siriri, kullum da alli a hannun riga, ba ya duka amma in ya yi maka ba'a sai ka gwammace bulala. Ya rubuta look a allo ya tambayi ma'ana, muka ce duba da baki ɗaya. Ya ƙara mata after, ya ce yanzu ta zama kulawa, irin wadda uwa ke yi wa ɗa. Ya goge ya sa for, ta zama nema. Ya sa down on, ta zama raini. Ya ce mu 'ya'yan gulbi bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, tunda jirgi duk girmansa mutumin da ke zaune a baya da ɗan filafilin tuƙi shi ke juya shi, haka ƙaramar kalmar da ke bin aikatau take. Wani ya ce Turawa dai sun iya wahalar da mutane. Malam ya ce to shi da yake cin tuwo, yake cin kasuwa, yake cin amana, da wane cokali yake cin ta ukun? Aji ya fashe da dariya, har da ni. Sannan ya ce akwai wata da duk ƙasar nan muka ɓata, kuma ba zai bar duniya ba sai ya gyara ta ko a bakin 'yan aji ɗaya ne. Fitila ba a put off ɗinta, sai dai put out ko switch off. Put off ɗagewa ce, abin da za a yi yau a bar shi sai wani lokaci, amma yana nan da ransa. In an fasa gaba ɗaya, call off ake cewa. Tunda ya taɓo call sai ya bi ta da 'ya'yanta, har ya iso call in at, ya ce wannan ba kiranka za a yi ba, kai ne za ka taka da ƙafarka ka leƙa wurin.

Ban ji sauran darasin ba. Allon ya koma mini takardar Yaya, layi biyu, kowanne na juya shi baibai. Da a nan labarin ya tsaya, da na ce ƙuruciya ce da jahilci, na nemi gafara tun tuni an wuce wurin. To, ba a nan ya tsaya ba. Ranar da na gane, saura kwana goma sha biyu Sallah. Ofishin kuma ba a wata ƙasa yake ba, a garin da nake yake, duk ranar Asabar da aka bar mu fita sai mun wuce ta gabansa mu ga taraktoci a jere. Akwai direban unguwarmu da ke zuwa duk ranar kasuwa. Sau biyu ina rubuta wa Yaya 'yar takarda da ajami, wadda zai karanta da kansa ba sai an tara masa mutane ba, sau biyu ina yayyaga ta. Da zarar na ɗauki alƙalami sai in hango tabarmar nan, da fuskar Baba, da sunan Bature ya zama abin da yara za su riƙa bi na da shi a titi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da na yi wa Yaya a gaban mutane. Sai na ce wa kaina irin wannan magana ba ta takarda ba ce, a bari in je Sallah mu yi ta baki da baki. Har na ji kamar na yi wani abin kirki da wannan shawara.

Na je Sallah. Yaya ne ya tarbe ni a tasha, ya ɗora akwatina a ka. Ya ce abincin makaranta ya rame ni, ya wuni a ruwa jajibiri har ya dawo da giwan ruwa, ya ce Inna ta dafa don ni. A kwano ɗaya muka ci, yana zare ƙaya yana turo mini tsoka. Maganar tana bakina, na ce a gama ci. Da aka gama baƙi suka shigo, Baba ya ce in yi musu Turanci su ji, na yi, aka tafa. Na ce sai gobe. Gobe aka tafi yawon gaisuwa. Rana ta uku ya sake ɗaukar akwatin ya raka ni mota, ya leƙo ta taga ya ce tunda ina Birnin Kebbi, in na ji wani motsi game da kiran nan in aiko masa. Na ce to. Bayan 'yan makonni na wuce ta gaban ofishin na ga samari cikin shuɗin kaya suna kewaye da injin da aka kwance, na san an yi gwajin an gama. Daga nan uzurina ya canza. Na ce yanzu kuma faɗa ba ta da amfani, fama ciwo ne kawai. Wannan uzuri ya yi mini ƙarko fiye da duk wata riga da na taɓa ɗinkawa.

Na zama malamin Turanci, na yi shekaru ina koyarwa a Birnin Kebbi da kewaye. Duk wanda ya bi ta ajina zai gaya maka ina da sauƙi a kan rubutu, ina da sauƙi a kan lafazi, amma in aka zo kan aikatau masu wutsiya sai in zama wani mutum. Yaro ya ce put off the fan a gabana, ranar ya shiga uku. Sun ɗauka tsantseni ne na ƙwararre. Na koya wa ɗaruruwan yara own up, wato mutum ya fito ya amsa laifinsa da bakinsa, ina buga tebur ina kawo misalai, ban taɓa kawo wanda na fi sani ba. Cikin samarin da na gani da shuɗin kaya, akwai wanda ya zama shugaban gareji, ya gina gida, ya yi ritaya da fansho. Yaya ya ci gaba da kamun kifi da noma. Da injinan ban ruwa suka yawaita ya kafa rumfa a bakin hanya yana gyara, ya riƙe iyalinsa da rufin asiri, amma bai wuce rumfar ba. Rigar gwajin a adaka ta tsufa, daga baya aka rage ta aka ba babban ɗansa. Ni kuma na shiga yi masa alheri irin na mai laifi. Shadda duk Sallah, magani in ya kwanta. Na ɗauko 'yarsa ta fari na riƙe a gidana har ta gama sakandare, ni na koya mata Turanci da kaina. Mutane suna cewa ba a taɓa ganin ƙane mai zumunci kamata ba, ina amsawa da murmushi. Baba ya rasu yana alfahari da ni, Inna ta bi shi, babu wanda ya sani.

Ranar da jikata ta yi mini tambayar nan, abin da ya tayar mini da hankali shi ne saurin da na ba ta amsa. Kalma ɗaya, ba tari, ba tsallake. Abin da ya gagare ni faɗa wa Yaya ke nan tun ina da baƙin gashi. Na lissafa abokan karatuna na ga waɗanda suka rage ba su cika hannu ɗaya ba, Yaya kuma ya girme mu duka. Washegari da hantsi na hau mota zuwa Argungu. Hanyar da a da take cin mana wuni, yanzu kafin ka gama gyara zama an iso, ban ko samu lokacin shirya maganar ba.

Na same shi a rumfa, a kan benci, cikin warin baƙin mai. Idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ke kwance injin yanzu, shi sai dai a tayar ya saurara ya faɗi inda ciwon yake. Tun da na fara koyarwa ya daina ce mini Bature, Malam yake cewa. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi ruwa, na ji ina neman sake bin tsohuwar hanya. Sai na katse kaina na ce masa takardar aikin gona da na karanta masa a gaban Baba, ban karanta daidai ba. Ba kashe gwajin aka yi ba, ɗage shi aka yi, kuma ba kiransa aka ce za a yi ba, shi aka ce ya je.

"Na sani," in ji shi. "Ɗiyata ta karanta min ita, shekarad da tag gama makaranta. Kai kak koya mata, ai ta iya."

Na tambaye shi me ya hana ya yi mini magana duk shekarun nan.

"Maganak ka ta, Malam, ba tawa ba. Ina ganin ka kana zuwa da shadda, in ka buɗe baki sai ka tambayi ruwa. Nic ce ma raina, yaron ga bai kashe ta ba, ɗage ta yay yi. Sai nij jira."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce aikin ma bai dame shi ba kamar tasha, don damina uku yana zuwa tarbon motar wasiƙa, har masu lodi suka fara yi masa waƙa. Amma ya ce yaro ɗan aji biyu, ina zai san abin da ba a koya masa ba? Ya yafe tun ranar da ya ji.

Ga ƙofa nan ya buɗe mini, kuma wallahi na so in bi ta in fita. Ya yafe, ya yi dariya, saura in ce na gode in ci tuwo in hau mota. Amma abin da ya yafe ba shi ne laifina ba, na kuma san in na tashi daga bencin nan ba zan sake samun bakin faɗa ba.

"Yaya, akwai saura. Ban daɗe ba nig gane. Tun kahin Sallah nig gane, da kwana goma sha biyu. Da na hwaɗa maka, da ka samu gwajin."

Dariyar ta bar fuskarsa a hankali. Ya juyo da kunnensa wajena yadda yake yi wa inji.

"Wace Sallah? Wadda nik kamo maka giwan ruwa?"

"Ita."

 A bayanmu ɗansa ya tayar da wani inji, ya yi tari ya mutu, ya sake tayarwa, Yaya bai ko waiwaya ba, abin da ban taɓa gani ba. Na sauko daga bencin na durƙusa, da gwiwoyin nan nawa da ko a sallah sai da dabara, na ce ya yafe mini don Allah. Ya laluba ya kama kafaɗata ya ce in tashi, tsofaffi biyu a bakin hanya, kada a taru.

"Ta hwarko na yahe tun tuni," ya ce. "Wagga yanzu nij ji ta. Ba ni yi maka ƙarya in ce ta wuce. Ka dawo bayan Sallah."

Ya sa aka kawo mini abinci, ya zauna har na ci, amma bai sa hannu a kwanon ba.

Yau saura wata biyu da 'yan kwanaki Sallah. Ni da shi duka mun kai shekarun da ba a yi wa wata biyu alkawari, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Kullum in na idar da sallar asuba sai in roƙa mana kwana, ni da shi, ko da iyakar wannan ne. Jikata ta lura na fara duba kalanda, ta ce in ba ta lambar Yaya ta sa mini a waya, in ya shirya sai ya kira ni. Na ce mata ba haka aka ce ba. Wannan karon na ji maganar daidai, ba kirana za a yi ba, ni ne zan taka in je.